Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Magajin Yankin Liverpool, Steve Rotheram: A Buɗe Ramin Wapping Kafin 2030

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaya ne daga cikin Hausawan da zama ya kawo wannan birni, kuma abin da ya sa na rubuto maka shi ne ramukan jirgin ƙasa da ke kwance a ƙarƙashin unguwanninmu, a kulle, duhu da ruwa suna cin su. Ranar 15 ga Satumba, 2030, layin dogon Liverpool zuwa Manchester zai cika shekara 200 da buɗewa. Roƙona shi ne kada ranar ta zo ta tarar da ƙofar ramin Wapping a garƙame.

Ka fi ni sanin darajar wurin, amma bari in faɗa saboda masu karatu. Tsakanin 1826 da 1829 aka haƙa wannan rami, daga unguwar Edge Hill ya gangara har bakin ruwa inda jiragen teku ke sauke kaya, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 2. George Stephenson ne babban injiniyan layin, amma waɗanda suka fasa jan dutsen nan leburori ne, da diga da shebur da albarushi, suna aiki da hasken kyandir, gidajen mutane na bisa kansu. Da aka gama sai aka shafe bangon da farar ƙasa, aka kunna fitilun gas, jama'a suka riƙa biyan sule ɗaya su shiga su yi kallo. Mutanen 1829 sun samu wannan dama. Mu da muka zo bayansu da kusan ƙarni biyu ba mu da ita, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Yadda ramin ya yi aiki kaɗai ya isa a kai yara su gani. Gangararsa ta fi ƙarfin kan jirgi na wancan zamani, don haka taragu su kaɗai suke gangarawa, mai birki yana riƙe da su, in za su hawo kuma sai a ɗaura musu doguwar igiya, injin tururi da aka girke a Edge Hill ya jawo su, kamar yadda ake jan guga daga rijiya. A cikin kwazazzabon da aka haƙa wa layin a Edge Hill, inda bakin ramin Wapping yake, a nan ne kuma bakin ƙaramin ramin Crown Street yake, wanda ta cikinsa fasinjojin farko suka bi. Tasharsu ba ta daɗe ba, domin a 1836 aka buɗe tashar Lime Street da nata ramin, aka mayar da fasinja can. A 1849 aka ƙara ramukan Victoria da Waterloo zuwa tashoshin ruwa na arewa. Shi kuwa Wapping ya yi ta ɗaukar kaya har 1972 da aka rufe shi.

Na san akwai tsohon tunanin a haɗa ramin da layin Merseyrail, wato jiragen ƙasa na fasinja na cikin Liverpool da kewaye, tun shekarun 1970 ake maganarsa. In hakan zai yiwu, madalla. Amma aiki ne mai cin kuɗi da shekaru, kuma bai kamata jiransa ya hana a yi ƙaramin abin da za a iya yi yanzu ba: a gyara hanyar sauka cikin kwazazzabon, a tabbatar da lafiyar wani sashe na ramin, a sa fitilu, a bar mutane su shiga tare da ɗan jagora.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin da za a ba masu shiga. Ranka ya daɗe, a faɗe shi cikakke. Babban kayan da aka gina layin dominsa auduga ce mai zuwa masaƙun Manchester, kuma mafi yawanta a lokacin bayi ne 'yan asalin Afirka suka noma ta a gonakin jihohin kudu na ƙasar Amurka. John Moss, ɗaya daga cikin jagororin kamfanin layin, shi kansa yana da gonar rake da bayi a Demerara, cikin ƙasar Guyana ta yanzu. Birnin nan ya riga ya nuna zai iya kallon wannan tarihi ido da ido, tunda ya buɗe gidan tarihin cinikin bayi a Albert Dock a 2007. Ramin da audugar ta bi shi ma ya cancanci wannan gaskiya, haka kuma leburorin da suka haƙa shi sun cancanci allo guda da zai ambace su kusa da sunan Stephenson.

Mu ma muna da ƙafa a cikin zancen. Ƙishin audugar da ya sa aka huda ƙarƙashin Liverpool, yana cikin abin da ya sa masu masaƙun Lancashire, yankin su Manchester, suka matsa a shimfiɗa dogo zuwa Arewacin Najeriya, har jirgi ya isa Kano a 1911, duk da cewa manomanmu gyaɗa suka fi rungumar nomawa. Ɗan Bahaushen da aka haifa a unguwar Toxteth ta nan Liverpool yana da haƙƙin ya tsaya a bakin wannan rami a nuna masa inda labarin kakanninsa ya haɗu da na garin da aka haife shi.

A 2021 UNESCO ta cire Liverpool daga jerin wuraren tarihi na duniya, abin ya yi wa mutanen gari zafi. Ga wani gadon a hannunmu wanda ba ya bukatar amincewar kowa daga waje. Ina roƙonka ka zaunar da Network Rail, kamfanin da ke kula da layukan dogo, da majalisar birni da masu sa kai da suka daɗe suna fafutukar wurin, ku fito da jadawalin aiki da kasafinsa, ku sanar da jama'a ranar da za a buɗe ƙofar.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mazaunin Liverpool