Kwana biyu a bakin teku: kira ga 'yan'uwana da ke Ingila

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Ingila, musamman mu ma'aikatan asibiti da gidajen kula da tsofaffi, da kuma ɗalibai. Maganar hutu ce. Na san wani zai ce wannan bai kai a rubuto wa jarida ba, ni ma haka nake gani a da.

Shekarata ta shida ke nan ina aikin jinya a arewacin ƙasar nan. A huɗun farko, in ka cire hanyar asibiti da kasuwa da masallacin Juma'a da filin jirgin sama, ban san ko'ina ba. Asabar da Lahadi, ko dai na karɓi ƙarin aiki, ko na ja labule na yi ta barci. A watan Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, ka shiga aiki da duhu ka fito da duhu. Jiki magayi. Sai da na wayi gari ina yi wa 'ya'yana tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, uwargida ta zaunar da ni ta ce, "Baban yara, ba yaran ne suka canza ba, kai ne ka gaji." Ita ce ta matsa muka fita, ni kuwa ina ta lissafin aikin da zan rasa.

Lokacin da nake kira a fita shi ne wanda muke fassarawa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ko da yake bazarar nan babu zafi a cikinta. Lokaci ne da itatuwan da suka yi wata huɗu tsirara suke tofo. A Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura agogo gaba da awa guda, kafin Afrilu ya ƙare za ka ga rana tana nan har bayan ƙarfe takwas na yamma. Cunkoson Yuli da Agusta bai zo ba, masauki bai yi wuya ba, mutanen gari ba su gaji da baƙi ba tukuna. Sai dai a kauce wa hutun Ista da Litinin ta farko da ta ƙarshe a Mayu, domin ranakun hutu ne, kowa yana hanya.

Mu gaɓar Yorkshire muka nufa, a ƙarshen Afrilun bara. Garuruwa uku ne kusa da juna: Whitby a tsakiya, Robin Hood's Bay kamar mil shida ta kudu, Staithes kamar mil goma ta arewa. Wanda ba shi da mota, akwai jirgin ƙasa daga Middlesbrough da ke bin kwarin kogin Esk har Whitby, akwai kuma bas zuwa sauran biyun.

Mun isa Whitby daren Juma'a. Da na idar da sallar asuba barci ya ƙi dawowa, sai na sa rigar sanyi na gangara bakin ruwa ni kaɗai. Wannan awa gudar ita ce dalilin wasiƙar nan. Babu kowa sai tsuntsayen teku da wani dattijo zaune a kan akwati yana gyaran kejin kama ƙaguwa. Hannuwansa sun yi jajur don sanyi, yatsun sun kakkauri, amma yana zura igiya yana ɗaurewa ba tare da ya duba ba. Na yi masa ina kwana, ya ɗaga kai ya amsa, ya ci gaba da aikinsa. Ƙananan jiragen kamun kifi suna ta gogar juna a hankali, warin gishiri da na ciyawar ruwa ya cika iska. Na tsaya a kan gadar da ke raba garin biyu, wadda ake juya ta gefe in jirgi mai tsawo zai wuce, tun 1909 take wannan aiki. Shekara huɗu ina jin ƙarar na'urorin asibiti a kunnena ko ina gida. A kan gadar nan na lura ba na jin ta.

Da hantsi muka hau matakala 199 da ke kaiwa kan tudu, yaran suna ƙirgawa da ƙarfi, ƙaramin ya ɓata lissafi sau biyu. Akwai wuraren zama jefi-jefi a hanyar, an ce masu ɗaukar gawa zuwa maƙabartar da ke sama ne suke sauke makara su huta a nan. A can ƙololuwa kangon tsohon gidan ibadar Kirista yake, wanda wata mata mai suna Hilda ta kafa a shekarar 657. Sarki Henry na Takwas ya rufe shi a 1539, jiragen yaƙin Jamus kuma suka yi masa ruwan wuta a Disambar 1914, amma bangayen suna tsaye, iska tana ratsa tagogin. A garin nan James Cook, shahararren matuƙin jirgin ruwa na Ingila, ya koyi aikin jirgi, kuma a nan aka ƙera jirgin da ya kai shi gaɓar Ostireliya a 1770. Na gaya wa 'yata wannan, na kuma gaya mata cewa mutanen da ya tarar a can ba su ga alherin zuwansa ba. Gara ta ji duka biyun daga bakina.

Yanzu ga inda na yi kuskure, kuma ina so a saurare ni da kyau.

Da rana muka wuce Robin Hood's Bay. A sama ake ajiye mota, a gangara da ƙafa ta wata hanya mai tsananin gangare, tsakanin gidaje masu jan rufi da suka hau kan juna, lunguna wasu ba su fi faɗin mutum biyu ba. Da muka kai ƙasa, teku ya janye can nesa, ya bar fili na duwatsu shimfiɗaɗɗu da ƙananan kududdufai cike da ƙaguwa. Yara suka ruga. 'Yata ta tsinci wani baƙin dutse mai zane a nannaɗe kamar maciji ya kwanta, ashe ragowar wata halittar ruwa ce da ta rayu kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, gaɓar nan ta yi suna da su. Muka yi ta tafiya kudu muna neman wani, bangon dutse mai tsayi a damanmu, teku a hagunmu. Ban duba agogo ba, ban kuma san akwai abin dubawa ba.

Wata tsohuwa ce da karenta ta tare mu. Ba ta yi wata doguwar gaisuwa ba, ta nuna bayanmu ta ce mu juya yanzu. Na waiwaya. Wani kwarin yashi da muka tsallaka a bushe, ruwa ya riga ya kwanta a cikinsa. Ba daga gabanmu ruwan ya zo ba, ta baya ya zagayo, shiru, babu igiya babu ƙara. Na saɓa ƙaramin a kafaɗa, uwargida ta riƙe hannun babbar, muka keta ruwa har ƙauri, sanyinsa kamar ana yanka ƙafa da reza. Bayan kamar awa biyu muna tsaye a sama, filin da muka yi wasa babu shi, teku yana dukan bakin titin garin. Uwargida ba ta ce da ni komai ba, addu'a kawai take yi. Ni kuwa gwiwoyina rawa suke.

Baƙo ko da ido makaho ne. A daren na zauna na karanta abin da kowane yaro a garin ya sani. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Lokacin da ka gani jiya ba shi ne na yau ba. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taimaka masa, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu. Mu da muka saba lissafin wata, wannan ba zai yi mana wuya ba. A irin waɗannan ranaku bambancin cika da janyewa a gaɓar Whitby yana kusan mita 5. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan ba ya hawa daidai wa daida: a awa ta farko kaɗan-kaɗan yake tahowa har ka raina shi, rabinsa kuwa a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. Jadawalin yana manne a bakin ruwa, yana intanet, kyauta. Ka fita lokacin da ruwa ke janyewa, ka juyo tun bai fara dawowa ba, kada kuma ka zauna a gindin bangon dutse, domin yana zubowa. In abu ya faru, lambar 999 ce, ka ce a haɗa ka da masu gadin gaɓa.

Kada hasken rana ya ruɗi kowa ya ce zai yi iyo. A bazara Tekun Arewa, wato tekun wannan gaɓa, bai warware daga sanyin hunturu ba, a Afrilu bai kai digiri 10 ba. Ruwa mai irin wannan sanyi yana ƙwace numfashi a minti na farko, ko gwanin iyo sai ya shaƙa. Shawarar masu ceto ita ce in ka faɗa, kada ka yi kokawa da ruwan, ka kwanta rigingine ka buɗe hannu da ƙafa har numfashi ya daidaita. Masu ceton nan na RNLI, ƙungiyar ceto a teku wadda aka kafa a 1824, yawancinsu 'yan sa-kai ne, kuma da gudummawar jama'a take tafiya. A Fabrairun 1861 jirgin ceton Whitby ya kife, mutum 12 suka mutu, ɗaya ya tsira, Henry Freeman, shi kaɗai ne ya sa sabuwar rigar hana nutsewa. Da na tuna cewa sakacina ya kusa fito da irin waɗannan mutane daga gidajensu ranar Asabar, kunya ta kama ni.

Lahadi da safe muka je Staithes. Hazo ya taso daga teku ya rufe garin, irin wanda kan faru a wannan gaɓa idan iska mai ɗumi ta bi ta kan ruwa mai sanyi, sai wajen sha ɗaya ya yaye. Gari ne ɗan ƙarami a bakin rafi, tsakanin duwatsu biyu, kwale-kwale a kwance cikin laka suna jiran ruwa. Ya fi sauran kyau a idona, kuma shi ne ya bar ni da damuwa. Ƙofa bayan ƙofa, sai ka ga ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin bango, inda ake ajiye wa 'yan haya makulli. Gidan da babu takalmi a ƙofa, babu shanya, babu keken yaro. Masu kuɗi daga birane sun saye su, ko don hutunsu ko don hayar kwana biyu, ɗan gari kuma farashi ya fi ƙarfinsa. Mutanen Whitby sun kaɗa ƙuri'a a Yunin 2022, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka ce sabbin gidaje su zama na masu zama dindindin, ko da yake ƙuri'ar ba ta zama doka ba. Daga Afrilun 2025 hukumar yankin ta ninka harajin gida a kan gida na biyu, wanda mai shi ba a cikinsa yake zaune dindindin ba.

Ina cikin masu jawo wannan, ban musa ba, tunda don irina ake saye gidajen. Amma garuruwan nan da baƙi suke rayuwa, kamun kifi kaɗai ba ya riƙe su yanzu. Abin da na iya yi shi ne na sauka a masaukin da mai gidan take zaune a ciki da iyalinta, na kwana biyu maimakon in zo da safe in cika musu titi in tafi da yamma, na yi sayayyata a garin. Mu da muka san zafin neman gidan haya a ƙasar mutane, bai kamata mu kasa gane kukan wanda haya ta kora daga garin kakanninsa ba.

Saura abin da na san yana hana da yawanmu fita, ko da ba a faɗa. Uwargida tana sa hijabi, mu baƙaƙe ne, kuma ƙananan garuruwan nan ba kamar birni ba ne. Ta tambaye ni tun a mota ko za a yi mana wani abu. Ba zan yi wa kowa alkawari ba, abin da muka gani kawai zan faɗa. An kalle mu, wani kallon ya daɗe fiye da kima. Amma gaisuwa ta fi kallo yawa, kuma wadda ta cece mu ba ta tsaya duba kalarmu ba. Darduma muka tafi da ita, muka yi sallarmu a ɗaki, alƙibla tana kudu maso gabas.

Dutsen 'yata yana kan tagar ɗakinta. Bana mun yi niyyar gangarawa kudu kaɗan zuwa Bempton, inda dubban tsuntsayen teku ke sheƙa a jikin dutse daga Afrilu zuwa Yuli, in Allah ya kai mu. Na riga na nemi hutun Asabar da Lahadin, abokan aikina biyu da iyalansu sun ce za su biyo mu, kuma na buga jadawalin ruwan na manna a jikin firij.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Wani ma'aikacin jinya, daga arewacin Ingila