Amsa Ga Malamin Da Ya Ce Talaucin Mutanenmu Zan Kai Kasuwa

Assalamu alaikum, Malam.

Ban so in amsa maka a bainar jama'a ba, domin ka girme ni, kuma na taɓa zama a gabanka ina ɗaukar karatu. Amma tunda a rediyo ka jefo tambayar, ka kuma siffanta garinmu da aikina yadda duk wanda ya san ni ya gane da wa kake, dole in amsa a inda jama'a za su gani. Ka tambaya: me zan koyo a Ingila game da talaucin ƙauyenmu wanda kakata ba ta sani ba? Sannan ka ce irinmu masu zuwa digiri na biyu a fannin ci gaban ƙasashe, talaucin mutanenmu muke kaiwa kasuwa, mu dawo muna karɓar albashi da dala, ko mu maƙale a can. Wannan ta biyun ce ta hana ni barci, domin mahaifiyata ta ji ta da kunnenta, kuma ta kira ni tana tambaya ko wani abin kunya na aikata.

Gaskiya ne kakata ta fi duk wani farfesa na Jami'ar Sussex da zan je sanin yunwa, ta kuma fi shi sanin fadamar Haɗeja. Sai dai ba a tambaye ta ba lokacin da aka gina madatsar Tiga a 1974, ba a kuma tambaye ta ba da aka ƙara ta Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa. Ruwan da a da yake cika da damina ya janye da rani, ya bar wa manomi ƙasa mai laima da makiyayi ciyawa, ya koma yana zuwa yadda masu buɗe ƙofar madatsa suka ga dama. Daga nan kacala, doguwar ciyawar nan mai tsirowa a cikin ruwa, ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Shekara shida ina aiki da mutanen wannan kwari, na tsaya a bakin ruwa na ga magidanta sun shiga har ƙirji da adduna suna sarar kacala tun hantsi har la'asar, bayan 'yan watanni ta sake tsirowa, ga tsuntsayen jan-baki sun yi sheƙa a cikinta suna jiran shinkafa ta nuna. Manoman Bakolori ma sun san ƙasarsu sarai, amma da suka tsaya neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar Bakolori ya cinye, a 1980, harsashi aka amsa musu da shi. Sanin kakata bai taɓa kai ta ɗakin da ake yanke shawara a kanta ba, kuma wannan ɗakin nake so in shiga da yaren da ake magana da shi a ciki.

Na taɓa zama a taron da wani ƙwararre da aka ɗauko daga waje ya gabatar da rahoto kan garuruwanmu, bayan ya yi kwana uku, da rani, yana bin bakin kwalta. Na san lissafinsa ba daidai ba ne, amma ban san yadda ake warware irin wannan lissafi ba, ban san yadda ake auna tasirin shiri ko a binciki kasafinsa ba, sai na yi shiru aka amince da shi. Har yau wannan shirun yana ci min rai. Cibiyar nazarin ci gaba ta Jami'ar Sussex, wadda aka kafa a 1966, nan ne masani Robert Chambers ya daɗe yana sukar irin wannan ziyara ta bakin titi, yana nuna cewa talaka na ainihi yana can inda mota ba ta kaiwa da damina. Kuma kai ne, Malam, ka fara ambata mana Polly Hill, Baturiyar da ta yi nazarin rayuwar manoman Hausa, da zamanta a Batagarawa, da Michael Mortimore da ya koyar a Zariya da Kano ya nuna ƙwarewar manomanmu wajen riƙe ƙasa. Ban ji ka kira su 'yan kasuwar talauci ba. Me ya sa sai ɗan gida ya tashi neman ilimin nan ne ake zarginsa?

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, na samu, ban ci kwabon gwamnatin jiharmu ba, kuma sharaɗinsa shi ne in dawo gida in yi aƙalla shekara biyu. Jami'o'inmu kuma ban raina su ba, su suka yi ni.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne daga bakin da maganar ta fito. Kowa ya san kana zama a tarurrukan ƙungiyoyin ba da tallafi na ƙasashen waje a otal-otal na Abuja, kana sa hannu kana karɓar alawus, ban kuma taɓa jin ka tashi a can ka faɗi abin da ka faɗa a rediyo ba. Wannan ɗabi'a ta yi mana yawa a Arewa: manyanmu su yi wa matashi dariya idan ya tafi neman ƙwarewa, gobe kuma su ɗauko baƙo su biya shi ninkin abin da za su ba ɗan ƙasa, ya rubuta musu tsarin jiharsu. Da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID, a 2025, Birtaniya kuma ta sanar da rage tallafinta, mun ga yadda shirye-shiryen lafiya da na abinci suka girgiza, domin ba mu tanadi namu ba, ba mu kuma horar da isassun waɗanda za su tsara shi ba.

A watan Satumba zan tafi, in Allah ya yarda, kuma kan kacala da rabon ruwan Haɗeja zan rubuta kundina. Idan na dawo baɗi zan kawo maka shi da hannuna ka duba, sannan ina roƙon ka biyo ni garinmu a tsakiyar damina, mu shiga kwalekwale tare, ka maimaita tambayarka a gaban mutanen da ka ce zan sayar.

Wassalam, ɗalibinka.