Taimakon ƙasashen waje kada ya tsaya a akwatin zaɓe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana kan taimakon da ƙasashen waje ke bai wa ƙasar da ta fito daga mulkin soja.

Mu a Damagaram, a Jamhuriyar Nijar, mun gani da idonmu. Bayan Taron Ƙasa na 1991, wanda ya share hanyar komawa mulkin farar hula, muka yi layi cikin rana a 1993, aka zaɓi Mahamane Ousmane, ɗan garinmu, shugaban ƙasa. Masu sa ido sun zo, sun yaba, sun koma gida. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ina koyarwa a lokacin, albashi sai ya yi watanni bai zo ba, har kunyar bi ta gaban mai shagon unguwarmu nake ji saboda bashin gero da sabulu. Da sojoji suka dawo a Janairun 1996, da yawa cikin abokan aikina ko uffan ba su ce ba, yunwa ta riga ta cinye musu zuciya.

Roƙona ga Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya: in sun biya kuɗin zaɓe, su zauna tare da mu shekarun da ke biye, su tallafa wa kotuna, makarantu da ruwan sha.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Birni, Zinder