Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Kama Filin Makaranta Kafin Igiya Ta Riga Mu

Mai girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan wasiƙa wasunmu aikinsu awon ƙasa da tsara gari ne, wasu lissafin jama'a, wasu kiwon lafiya. Abin da ya haɗa mu shi ne Kano na ƙaruwa da mutum kusan rabin miliyan duk shekara, kuma a gefen birni, inda ƙaruwar ta fi zafi, mai awon fili da igiya ne ke yanke inda hanya za ta bi, gwamnati sai daga baya take isowa.

Ƙidayar 1991, wadda aka yi bayan an cire Jigawa, ta ba Kano mutum miliyan 5.8. Ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4, kimanin miliyan 2.8 daga ciki a ƙananan hukumomi takwas na cikin gari: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ma'aunin ƙaruwar da aka ɗora wa jihar shi ne kashi 3.3 cikin ɗari a shekara, kuma jama'ar da ke tafiya a haka tana ninka kanta cikin shekara 21 ko kusa da haka. Ƙidayar da aka shirya a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk adadin da ake ambata yanzu hasashe ne da aka ɗora a kan na 2006, kuma hasashen 2022 ya haura miliyan 15.

Mu ɗauki miliyan 15 ɗin mu yi lissafin da kowane sakataren ilimi zai iya yi a bayan ambulan. Idan yaran da suka isa shiga aji ɗaya suna kai dubu 500 a shekara, masu shekarun firamare sun kusan miliyan 3 ke nan. Ƙarin kashi 3.3 a kansu yara dubu 99 ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare. Ke nan ana buƙatar sababbin azuzuwa kimanin 2,800 da malamai 2,800 kowace shekara don kawai kada cunkoson yau ya ƙaru, ba a ma zo kan gyaran ajin da rufinsa ya yaye ko maye gurbin malamin da ya yi ritaya ba. Dokar ta-ɓaci da ka ayyana a kan ilimi a 2024 ta dace, amma da wannan ma'aunin ya kamata a riƙa auna ta. Yaran da za su shiga aji ɗaya nan da shekara shida an riga an raɗa musu suna.

Ranka ya daɗe, ko da kuɗin gina azuzuwan na hannu, a ina za a gina su?

Ga yadda unguwa ke haihuwa a Kumbotso, Ungogo, da yanzu har cikin Gezawa, Dawakin Kudu, Tofa da Dawakin Tofa. Magidanci ya rasu, magada su raba gona, dillali ya saye ta dunƙule. Sai a kira mai awo da igiya da fegi, a yanka ta ƙafa 50 da 50, wani lokaci ƙasa da haka. Tunda kowane taku kuɗi ne, sai a bar lungun da adaidaita sahu biyu ba za su gifta juna ba, balle motar kashe gobara. Ba a barin wurin makaranta, ba na asibiti, ba maƙabarta, ba hanyar ruwa. Masallaci ne kaɗai ke tsira, shi ma don wani ya saya ya bayar. Mai gonar da ke maƙwabtaka zai yi nasa awon ba tare da duba na farko ba, shi ya sa za ka bi lungu tiryan-tiryan sai ka ci karo da katangar gida. A rubuta takardar ciniki, mai unguwa da shaidu su sa hannu, cikin 'yan shekaru wuri ya cika. Haka Rimin Kebe, Bachirawa, Kurna, Sheka, Ɗorayi da Gaida suka tumbatsa.

Unguwa mai fuloti 1,000, in aka ƙaddara mutum bakwai a gida, mutum 7,000 ne. Ɗaya cikin biyar ɗinsu 'yan firamare ne, wato yara 1,400, wato aji 40. Makarantu biyu ko uku ke nan, kowace da filin da bai gaza hekta ɗaya ba in ana son wurin wasa da banɗaki. Hekta ɗaya tana cin fuloti wajen 22 masu ƙafa 50 da 100. Yau ana iya samun wannan fili da diyyar gona. Bayan shekara biyar sai an biya diyyar gidaje 22 ko fiye, a yi rusau, a kwashi baƙin jini, shi ya sa galibi ba a yi. Sai a koma ana cusa sababbin azuzuwa a filin wasan tsohuwar makaranta, ko a bar unguwar ga makarantar kuɗi mai ɗaki huɗu a gidan haya.

Akwai wata illar da ba a gani sai damina. Ƙa'idar tsafta ta ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fuloti mai ƙafa 50 faɗinsa mita 15 ne. Duk yadda mai gida ya kai ga kiyayewa, in ya nisanta rijiyarsa da masansa, ya kusanta ta da na maƙwabci. Amai da gudawa daga nan suke samun ƙofa. Kududdufan da a da suke shanye ruwan sama kuwa an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan kuma bai manta hanyarsa ba.

Ba mu zo mu ɗora wa mai awon igiya laifin duka ba. Shi ne ke samar wa ɗan kasuwar Kwari da lebura da malamin makaranta filin da za su iya saya, har da biya kaɗan-kaɗan. Filayen gwamnati ba sa isa, takardunsu na daɗewa, kuma sau da yawa suna ƙarewa hannun masu ajiye su har su yi tsada. Rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo tsararru ne, amma ba mai neman ɗaki biyu da tsakar gida aka yi wa su ba. Haramta awon igiya da sanarwar rediyo ba ya hana shi, sai dai ya ƙara kuɗin toshiyar baki.

Abin da muke roƙo yana cikin ikonka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ba shi ikon ayyana yankin da ya zama birni, da ikon karɓar fili don amfanin jama'a tare da biyan diyya. A sa hukumar tsara birane ta KNUPDA da hukumar taswira da bayanan filaye ta KANGIS da Ma'aikatar Ƙasa su ɗauki hoton tauraron ɗan adam na bana su ɗora a kan na shekara biyar da suka wuce. Nan take za a ga inda gini ke tunkara a kan titunan Zariya, Gwarzo, Katsina, Haɗeja, Maiduguri da Madobi. A gaban wannan gaɓa, inda har yanzu gero da dawa ake nomawa, a shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tsakanin kowace da 'yar uwarta kimanin kilomita ɗaya. A cikin kowane murabba'in da suka kewaye a ware filin firamare, na asibitin sha-ka-tafi, da hanyar ruwa bisa gangaren ƙasa, maƙabarta da sakandare kuma a haɗa wa murabba'i biyu ko uku. Ba sai an zuba kwalta yanzu ba. A biya diyya, a kafa turakun kankare, a bi da greda, a dasa darbejiya a gefe biyu don kowa ya san nan hanya ce. Cikin murabba'in a bar masu gona su yanka su sayar, bisa sharaɗin lungu kada ya gaza mita 9, a kuma ba su takardar amincewa cikin wata guda a kan kuɗin da aka manna a bango.

Wurare uku wannan aiki ke lalacewa. Diyya in ta makara, manomi zai sayar wa dillali da daddare, kuma da gaskiyarsa. Gara a biya shi kafin a kafa turke, ko a ba shi kasonsa a fulotai. Filin da aka ware in ba shi da takarda da sunan hukumar ilimi ko ta lafiya, ba a kuma kewaye shi ba, wata rana za a wayi gari an yanka gefensa an yi shaguna, don haka a buga taswirarsa a manna a ƙofar gidan dagaci da sakatariyar ƙaramar hukuma. Na ukun shi ne taswirar ta fita ta bayan gida kafin a sanar da jama'a, masu ido da kwalli su riga kowa sayen bakin hanya. Maganinsa a sanar da kowa rana ɗaya. Kano ta taɓa yin tsarin shekara ashirin, na mai tsara gari Trevallion, daga 1963 zuwa 1983. Garin da aka yi wa wannan tsari bai kai ko kusa da na yau ba.

Sai batun sanin adadi. Ƙidaya aikin Tarayya ce, kuma a Najeriya ta cakuɗe da rabon arziki da kujerun majalisa, shi ya sa muka fi riƙe adadin 2006 a matsayin abin tinƙaho a kan Legas fiye da abin aiki. Amma jiha ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta san yara nawa aka haifa a Rijiyar Zaki a watan jiya. Duba bangon kowane gida a lungunan Kano, za ka ga rubutun alli na masu rigakafin shan inna: an zo, an samu yara, an ɗiga. Wannan aiki ya bar taswirar ƙauyuka da unguwanni da jerin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mazaɓa-mazaɓa. Makarantu na da ƙidayarsu ta shekara, asibitoci na da rajistar awon ciki. Kowanne na kwance a ofishinsa. A ba Hukumar Ƙididdiga ta Jiha iko da kuɗin haɗa su wuri ɗaya bisa mazaɓu 484, ta riƙa fitar da su duk shekara kafin a rubuta kasafi.

Rajistar haihuwa da mutuwa dole ce a dokar 1992, kuma ta haihuwa kyauta ce in an yi ta da wuri, amma jami'an Hukumar Ƙidaya ba su isa su kai kowane lungu ba, kuma mata da yawa a gida suke haihuwa. Sai dai babu jaririn da ake raɗa wa suna ba da sanin liman da mai unguwa ba. A ba kowane mai unguwa littafi ko waya, da ɗan alawus da ke fita kan lokaci, ya miƙa wa dagaci duk wata, jami'in rajista ya bi ya ba da takarda. Kada a haɗa alawus ɗin da yawan sunaye, in ba haka ba za a haifi jarirai a takarda. Kowace maƙabarta ita ma ta samu littafi. A watan Afrilun 2020, da mace-mace suka yi yawa a Kano, sai da aka koma tambayar masu haƙar kabari kafin a san ko mutum nawa aka rasa.

Lissafin nan zai nuna wani abin da hasashe ke ɓoyewa. Hasashe na ƙara wa kowace ƙaramar hukuma kashi iri ɗaya, alhali ba haka jama'a ke motsi ba. Cikin ganuwa ya cika, sababbin ma'aurata gefen gari suke fita. Ɗan ci-ranin da a da yake komawa gida da saukar damina yanzu yakan zauna ya ɗauko iyali. Ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga Zamfara, Katsina da Barno. In aka raba allurar rigakafi da malamai da ungozomomi bisa adadin 2006, Ungogo da Kumbotso ne za su kwana a ciki. Annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta fi yi wa Kano ɓarna a duk ƙasar, yaran da rigakafi bai kai gare su ba ta fi kamawa.

Ta fuskar haihuwa, in aka ƙaddara haihuwa 40 cikin kowane mutum 1,000, jarirai dubu 600 ne a shekara, sama da 1,600 a rana, wajen 100 a wata ga kowace mazaɓa. Kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu ciki kan gamu da matsalar da ke buƙatar ƙwararre. Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano ba za su ɗauke wannan ba. Asibitin mazaɓa da ake so ya karɓi haihuwa dare da rana yana buƙatar ungozoma huɗu aƙalla don a yi karɓa-karɓa, da ruwa, da wutar sola, da motar da za ta kai mai zubar jini gaba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma na haihuwar 6.6 a tsaka-tsaki, a ƙasa baki ɗaya 5.3. Ba mu ce gwamnati ta ƙayyade wa kowa 'ya'ya ba. Matar da ta zo da mijinta neman tazara don gudun kwanika dai kada a ce mata magani ya ƙare. Shekara biyun shayarwa tana cikin Suratul Baƙara, likitoci ma tazarar da suke ba da shawara ke nan.

Ruwa kuwa lissafinsa gajere ne. Mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata lita 50 ne a rana, don haka ƙarin mutum dubu 500 na nufin ƙarin lita miliyan 25 a kowace rana, duk shekara. Tiga da Challawa na da ruwa. Matatun Tamburawa, Challawa da Watari kuwa ba za su amfani sabuwar unguwa ba in babu hanyar da bututu zai bi, sai ta dogara da 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse da kowa ke haƙawa kusa da na ɗan'uwansa. Hanyoyin nan masu mita 30 da muka roƙa, ta ƙarƙashinsu bututun zai wuce.

Muna roƙon a kasafin baɗi a ware layi na musamman don diyyar filayen makarantu, asibitoci da hanyoyi a Kumbotso, Ungogo, Gezawa, Dawakin Kudu, Tofa da Dawakin Tofa, a saki kuɗin da rani, kafin manoma su yi shuka.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Daga wasu masu tsara gari, masu ƙididdiga da ma'aikatan lafiya mazauna Kano.