A Dawo Mana da Finafinan Kaboyi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan finafinan kaboyi, waɗanda a da ake cika silimun Kano irin su Rex da Plaza saboda su, amma yau da wuya ka sami matashin da ya taɓa kallon ko ɗaya.

Masu cewa babu komai a cikinsu sai harbi da sukuwar dawaki ba su zauna sun kalla ba. Su nemi High Noon na shekarar 1952, inda Gary Cooper ya fito a matsayin jami'in tsaron wani ƙaramin gari, wanda a ranar ɗaurin aurensa labari ya iso masa cewa mugun da ya taɓa kai wa kurkuku yana tafe a jirgin ƙasa na ƙarfe goma sha biyun rana. Ya shiga coci, ya bi gida-gida yana neman masu tsaya masa, kowa ya kawo uzuri. Ana ta nuna agogo, shi kuwa gumi na karyo masa, har ya zauna ya rubuta wasiyya, sannan ya fito titi shi kaɗai. A ganina jarumtar da ke nan ta fi ta jaruman yanzu da ke kashe mutum ɗari rigarsu ba ta ko yamutse ba, domin wannan yana jin tsoro kuma bai gudu ba.

Daga baya Sergio Leone na Italiya ya sauya salon daga 1964, ya ɗauki yawancin finafinansa a hamadar Almeriya ta ƙasar Sifen, ya ba mu Clint Eastwood mai ƙarancin magana da guntun sigari a gefen baki, da kiɗan Ennio Morricone wanda har yau wasu dattawa ke yin fitonsa da baki.

Ba na ɓoye cewa da yawa daga cikin tsofaffin finafinan Amurka sun zalunci 'yan asalin ƙasar, sun mai da su mahara alhali ƙasarsu aka ƙwace, kuma ya dace a faɗa wa yara haka idan ana kallo.

Kirana ga gidajen talabijin ɗinmu da masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa shi ne su ware ko da dare ɗaya a mako domin kaboyi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Fagge, Kano.