Bayan an yi sulhu, wa ke duba halin da matar da aka doka take ciki?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in taɓo wani ɓangare na dukan mata a gidajen aure wanda ba kasafai ake maganarsa ba, wato halin da mace ke shiga bayan rauni ya warke, manya sun zauna, an mayar da ita ɗakinta.

Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma na haddace amsar da ake ba mu idan muka tambayi dalilin kumburin ido ko fashewar leɓe: santsi ne ya kwashe ni a banɗaki. Sai mu wanke ciwon, mu ɗinke, mu sallame ta. Bayan wata biyu ta dawo da ciwon kai, faɗuwar gaba da rashin barci, a auna jini a ce ba komai, a rubuta mata farasitamol. Akwai wata da ba zan manta ba, wadda faranti ya suɓuce wa abokiyar aikina ya faɗi kusa da gadonta, nan take ta dunƙule ta kare kanta da hannu bibbiyu, jikinta na ɓari, alhali mijin yana can kasuwa. Danginta kuwa sun riga sun yanke cewa iska ce.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun sha duka, ko tursasawa a shimfiɗa, ko muzantawa daga mazajensu, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Ban yi mamaki ba, domin wadda ta yi yaji, abin da za ta fara ji a gidansu shi ne ta yi haƙuri ta koma saboda 'ya'yanta. Ba na raina haƙuri, amma ban taɓa ganin ya kawar da firgita cikin dare ba.

An kafa dokar hana cin zarafi a 2015, kuma a 2023 aka sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, irin su Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, sai dai jama'a sun fi saninsu da batun fyaɗe, kuma matar ƙauye ba ta da kuɗin motar zuwa. Ko da tana da shi, tsoronta kada a ce an gan ta wurin likitan mahaukata, gobe a kafa hujja da hakan a raba ta da 'ya'yanta.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohi su horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci yadda za su keɓe da mace ranar awon ciki, ba miji ba uwar miji a ɗakin, su saurare ta, su riƙe sirrinta, su san inda za su tura ta. Hukumomin Hisba da masu unguwanni kuma, idan sun sasanta ma'aurata, su sa ranar da matar za ta dawo ita kaɗai, wata mace mai horo ta tambaye ta ko tana samun barci.

Daga wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Kano.