Wasiƙa Kan Matasan Punsk

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka kan matasan Lituweniya da ke zaune a ƙasar wasu: wa suke ɗaukar kansu?

Garin Punsk zan ba ka, a arewa maso gabashin Polan, dab da iyakar Lituweniya. Mutanensa ba ƙaura suka yi ba, iyakar ce aka shata a 1920 ta bar su a ɓangaren Polan. Kusan uku cikin huɗu na mazauna ƙaramar hukumar 'yan Lituweniya ne, amma a faɗin Polan ƙidayar 2011 ta sami kimanin 8,000 kacal. A harshensu kalma biyu ce: tautybė, wato asali, da pilietybė, wato zama ɗan ƙasa. Saurayin Punsk ba ya haɗa su. Asalinsa Lituweniya, fasfonsa na Polan, kuma bai ga saɓani a nan ba.

Makaranta ce ke riƙe da asalin. Yaro na tasowa da karin harshen Dzukiya (wani yanki a kudancin Lituweniya) a gida, sai ya koyi daidaitaccen harshe a makarantar Darius da Girenas, daga nan ya wuce sakandaren 11 ga Maris, wadda aka raɗa wa sunan ranar da Lituweniya ta dawo da 'yancinta a 1990. A garin Sejny da ke kusa kuma akwai makarantar Žiburys tun 2005. Wahalar tana ɓullowa wajen jarrabawar ƙarshe: malami na bayani da harshen Lituweniya, littattafai da yawa kuwa da harshen Polan suke, don buga littafi saboda ɗalibai 'yan kaɗan ba ya mayar da kuɗinsa. Haka kuɗin makaranta yana bin yawan ɗalibai, shi ya sa ƙananan makarantun ƙauye suka riƙa rufewa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ƙauyen da ya rasa makarantarsa ya rasa wurin da yara ke wasa da harshensu.

Ta fuskar doka ba laifi. Dokar tsiraru ta Polan ta 2005 ta ce inda tsiraru suka kai kashi 20 cikin ɗari, ana iya amfani da harshensu a ofishin ƙaramar hukuma, a kuma rubuta sunayen ƙauyuka da harsuna biyu. Punsk ta yi haka. A 2011 wasu suka shafe sunayen da fenti, abin da ya taɓa zukatan mutane sosai.

Inda abin ya fi ɗaurewa shi ne fasfo. Sashe na 12 na tsarin mulkin Lituweniya ya hana zama ɗan ƙasa biyu sai a yanayi na musamman. Ana maido da takardar zama ɗan ƙasa ga jikokin waɗanda suka riƙe ta kafin 15 ga Yunin 1940, amma kakannin 'yan Punsk a lokacin 'yan Polan ne a takarda. Saboda haka wanda ya fi kowa iya harshen yakan tarar sai ya ajiye fasfon Polan kafin ya sami na Lituweniya. An yi ƙuri'ar raba-gardama a Lituweniya kan sassauta wannan hani a 2019 da 2024. Fiye da kashi 70 na masu zaɓe suka amince, duk da haka ba ta wuce ba, don ana bukatar sama da rabin dukan masu rajista.

Tun da aka buɗe iyaka a 2007, masu zuwa jami'a a Vilnius ko Kaunas, manyan biranen Lituweniya, da yawa can suke zama. Harshen ya tsira a bakinsu, ajujuwan Punsk kuwa na raguwa.

Ka gaida Hajiya da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Bashir